Karatun fasahar kiɗa da gudanar da harkokin al'adu

Fasahar kiɗa da gudanar da harkokin al'adu fannonin ilimi ne guda biyu da ake koyarwa a jami'o'i da manyan makarantun kiɗa, musamman a matakin digiri na biyu da na uku. Fasahar kiɗa ta shafi yadda ake ɗaukar sauti, da ƙera shi, da gyara shi, da nazarinsa ta hanyar na'urorin lantarki da kwamfuta. Gudanar da harkokin al'adu kuwa ya shafi yadda ake tafiyar da cibiyoyi irin su gidajen wasan kwaikwayo, da ƙungiyoyin makaɗa, da gidajen tarihi, da bukukuwan al'adu, ta fuskar kuɗi da doka da ma'aikata da hulɗa da 'yan kallo.

Duka fannonin sun shiga jami'a ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a lokacin da waƙa ta koma sai ta bi ta cikin na'ura, ta kuma bi ta hannun wata cibiya ko kamfani, kafin ta isa kunnen mai sauraro. Saboda haka aka buƙaci mutanen da suka san kiɗa, suka kuma san wani abu ban da kiɗa: ko dai lissafi da injiniyanci, ko kuwa kasuwanci da doka. Wannan ne ya sa ake yawan karanta su bayan digiri na farko, inda ɗalibi ke zuwa da ilimin ɓangare ɗaya domin ya cike ɗayan.

Suna da ma'ana

A Hausa kalmar fasaha tana ɗaukar ma'ana biyu. Ana cewa "kimiyya da fasaha" idan ana nufin na'urori da ƙere-ƙere, ana kuma kiran mawaƙi ko mai zane "mai fasaha". A cikin sunan fanni na farko ma'anar na'urori ake nufi. Fanni na biyu kuma ya shafi ɗaya ma'anar, wato ayyukan masu fasaha, shi ya sa wasu ke kiransa gudanar da ayyukan fasaha. A Amurka da Birtaniya sunan fannin yana jingine da kalmar fasaha, a Jamus da Faransa da sauran ƙasashen Turai kuwa an fi jingina shi da kalmar al'ada.

Tarihin fasahar kiɗa a manyan makarantu

Thomas Edison ya ƙera na'urar farko mai ɗaukar sauti ta kuma maimaita shi a shekarar 1877, Emile Berliner kuma ya fito da garmaho a 1887. Shekaru da dama bayan haka, masu ɗaukar sauti a wurin aiki suke koyon sana'ar, a kamfanonin faifai da gidajen rediyo. Canji ya fara a Jamus a 1949, lokacin da Erich Thienhaus ya buɗe wani kwas a makarantar kiɗa ta garin Detmold domin horar da ƙwararren da ake kira Tonmeister, wato gwanin sauti. Sharaɗin kwas ɗin shi ne ɗalibi ya iya kiɗa kamar makaɗi, ya kuma san lantarki kamar injiniya. Jami'ar Surrey da ke Ingila ta ɗauki wannan tsari a 1970, Jami'ar McGill ta Kanada kuma ta buɗe karatun ɗaukar sauti a matakin gaba da digiri a 1979.

A daidai wannan zamani wasu mawallafan kiɗa sun fara ɗaukar na'urar da kanta a matsayin kayan kiɗa. Ɗaya daga cikin na farko ɗan Masar ne, Halim El-Dabh, wanda a 1944, yana ɗalibin aikin gona a Alƙahira, ya ɗauki muryoyin mata a wani taron zar, al'adar da ta yi kama da wasan bori, sannan ya sarrafa sautin da kayan gidan rediyo har ya zama wani sabon kiɗa. A Paris, Pierre Schaeffer ya fara haɗa kiɗa daga sautukan da aka riga aka ɗauka a 1948, gidan rediyon birnin Cologne na Jamus kuma ya buɗe situdiyon kiɗan lantarki a 1951. A ƙarshen shekarun 1950 jami'o'in Columbia da Princeton na Amurka suka haɗa hannu suka kafa cibiyar kiɗan lantarki da tallafin Gidauniyar Rockefeller, kuma El-Dabh na cikin waɗanda suka yi aiki a can.

Kwamfuta ta shigo harkar a 1957, lokacin da Max Mathews na ɗakin binciken Bell ya rubuta manhajar MUSIC, wadda ta sa kwamfuta ta fitar da sautin kiɗa. A 1963 ya wallafa maƙala a mujallar Science yana bayanin cewa kwamfuta za ta iya zama kayan kiɗa. Wani ɗalibin gaba da digiri a sashen kiɗa na Jami'ar Stanford, John Chowning, ya karanta maƙalar, ya shiga gwaji da kwamfutar jami'ar. A 1967 ya gano wata hanya mai sauƙi ta ƙera sauti, wadda ake kira FM: idan aka sa wata igiyar sauti ta riƙa girgiza wata cikin sauri ƙwarai, kunne yana daina jin girgizar, sai ya ji wata sabuwar murya mai kama da ƙararrawa ko kakaki ko ganga. Kamfanonin kayan kiɗa na Amurka ba su nuna sha'awa ba, amma kamfanin Yamaha na Japan ya sayi izinin amfani da ita, ya fito da fiyanon lantarki DX7 a 1983. Na'urar ta yi kasuwa sosai, muryarta ta cika waƙoƙin shekarun 1980, Stanford kuma ta samu miliyoyin daloli. Cibiyar CCRMA da Chowning da abokan aikinsa suka kafa a 1975 tana cikin manyan wuraren karatun wannan fanni har yau.

A Faransa gwamnati ce ta ɗauki nauyin aikin. Shugaba Georges Pompidou ya gayyaci mawallafin kiɗa Pierre Boulez ya kafa cibiyar bincike, aka buɗe IRCAM a Paris a 1977. A can ne Miller Puckette ya rubuta manhajar Max a shekarun 1980, daga baya ya fito da Pure Data, wadda kyauta ake samun ta. Bayan fitowar faifan CD a 1982 da tsarin MIDI a 1983, kayan aiki suka yi araha, kwasa-kwasan fasahar kiɗa suka yawaita a Turai da Amurka.

Tarihin karatun gudanar da harkokin al'adu

A Turai ta da, makaɗa sun dogara ne da sarakuna da coci da attajirai, kamar yadda makaɗan fada a ƙasar Hausa suka dogara da iyayen gidansu. Joseph Haydn, alal misali, ya yi kusan shekara 30 yana yi wa gidan sarautar Esterházy hidima. A ƙarni na 19 harkar ta koma hannun 'yan kasuwa masu shirya wasa, waɗanda ke zuba kuɗinsu su ci riba ko su faɗi.

Bayan yaƙi gwamnatoci suka shigo. Birtaniya ta kafa Majalisar Ayyukan Fasaha a 1946, Faransa ta kafa ma'aikatar al'adu a 1959 ƙarƙashin André Malraux, Amurka kuma ta kafa asusun tarayya na tallafa wa ayyukan fasaha, wato NEA, a 1965. A 1966 Gidauniyar Ford ta ware kimanin dala miliyan 80 domin manyan ƙungiyoyin makaɗa na Amurka. Kuɗin gwamnati da na gidauniya suna tafe da sharuɗɗa: sai an rubuta takardar neman tallafi, an tsara kasafi, an kuma kawo bayanin yadda aka kashe kowane kwabo. Cibiyoyi da yawa ba su da ma'aikatan da suka iya wannan aiki.

A wannan shekara ta 1966 masana tattalin arziki biyu, William Baumol da William Bowen, suka wallafa littafin Performing Arts: The Economic Dilemma, wanda ya zama tushen fannin. Hujjarsu ita ce: a masana'anta, inji yana sa ma'aikaci ɗaya ya yi aikin da a da sai mutum goma, don haka albashi ke hawa. Amma kiɗan da Beethoven ya rubuta wa makaɗa huɗu, yau ma mutum huɗu ne za su kaɗa shi, kuma tsawon lokacinsa bai ragu ba. Dole albashin makaɗan ya bi na sauran ma'aikata, in ba haka ba su bar sana'ar, alhali abin da suke samarwa bai ƙaru ba. Sakamakon haka kuɗin shirya wasa yana hawa fiye da abin da tikiti ke kawowa. Ana kiran wannan "cutar tsada", kuma cike wannan giɓi shi ne babban aikin mai gudanar da cibiyar al'adu.

Daga nan jami'o'i suka fara buɗe kwasa-kwasai. Jami'ar Wisconsin da ke Madison ta buɗe nata a makarantar kasuwanci a 1969, haka ma Jami'ar York ta Toronto a wannan lokaci. A shekarun 1970 aka samu irinsu a Landan da Vienna. Malaman fannin a Turai sun kafa ƙungiyarsu mai suna ENCATC a 1992.

Abin da ake koya a fasahar kiɗa

Manhajar karatu ta bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma akwai darussan da kusan ko'ina ake samun su.

Na farko shi ne kimiyyar sauti. Sauti kaɗawar iska ce da ke tafiya kimanin mita 343 a sakan ɗaya. Kunnen matashi mai lafiya yana jin kaɗawa daga 20 zuwa 20,000 a sakan. Ɗalibi yana koyon yadda sauti ke dawowa daga bango, da dalilin da ya sa magana ke fita tar a wani zaure amma ta cakuɗe a wani. Wallace Sabine na Jami'ar Harvard ne ya fara auna tsawon lokacin da amo ke ɗauka kafin ya mutu a ɗaki, kuma da lissafinsa aka gina babban zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900. Ana haɗa wannan da nazarin yadda kunne da ƙwaƙwalwa ke fahimtar sauti.

Na biyu shi ne mayar da sauti lambobi. Kwamfuta tana auna igiyar sauti sau dubbai a kowane sakan ta ajiye sakamakon. Ƙa'idar ita ce yawan awon ya wuce ninki biyu na kaɗawa mafi sauri da ake son kamawa. Shi ya sa faifan CD ke da awo 44,100 a sakan, kowane awo kuma yana iya ɗaukar ɗaya daga cikin matakai 65,536. Tsarin MP3 ya fito ne daga haɗuwar wannan darasi da nazarin kunne: idan sauti mai ƙarfi ya danne mai rauni da ke kusa da shi, kunne ba ya jin mai raunin, saboda haka ana iya zubar da shi a rage nauyin fayil. Karlheinz Brandenburg, ɗaya daga cikin waɗanda suka samar da tsarin, a kan wannan batu ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Erlangen ta Jamus a 1989.

Na uku aikin situdiyo ne: zaɓen makirufo da inda za a ajiye shi, ɗaukar kowace murya a layinta, haɗa su, da tacewa ta ƙarshe kafin a fitar da waƙa. Ana amfani da manhajoji irin su Pro Tools da Logic Pro da Ableton Live. A nan ake koyon MIDI, wanda saƙo yake aikawa ga na'ura maimakon sauti, yana gaya mata wace murya aka taɓa, da wane ƙarfi, kuma yaushe aka sake ta, da lambobi daga 0 zuwa 127. Ana kuma koyar da kare ji, domin daɗewa cikin ƙarar da ta kai desibel 85 ko fiye yana lalata kunne, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Na huɗu rubuta manhaja ne, da harsuna irin su Python da C++ da SuperCollider. Wannan ne ya fi bambanta karatun gaba da digiri da horon situdiyo na yau da kullum, domin ana son ɗalibi ya iya ƙera kayan aikin da kansa. Daga nan wasu ke shiga fannin da ke koya wa kwamfuta gane waƙa, da rarrabe muryar mawaƙi daga kiɗa, da hasashen abin da mai sauraro zai so. Masu wannan bincike suna taron shekara-shekara mai suna ISMIR tun 2000.

Abin da ake koya a gudanar da harkokin al'adu

A nan darussan sun fi kama da na makarantar kasuwanci, sai dai an daidaita su da cibiyoyin da ba riba suka sa a gaba ba. Ɗalibi yana koyon tsara kasafin kuɗi da karanta rahoton akanta. Yana koyon neman tallafi daga gwamnati, da gidauniyoyi, da kamfanoni, da ɗaiɗaikun masu hannu da shuni. Akwai darasin talla da jawo 'yan kallo, wanda ya haɗa da tsayar da farashin tikiti: idan ya yi tsada zaure ya zama wayam, idan ya yi araha ba a mayar da kuɗin da aka kashe ba. Akwai darasin shugabanci, musamman alaƙar da ke tsakanin kwamitin amintattu, da daraktan da ke zaɓen abin da za a nuna, da manajan da ke riƙe da kuɗi, domin saɓani tsakanin waɗannan ukun ya sha durƙusar da cibiyoyi.

Doka ma babban ɓangare ce: yarjejeniya da mawaƙa, inshora, bizar masu wasa da ke zuwa daga waje, da tsaron lafiyar taro. Sai darasin manufofin al'adu, inda ake tambayar dalilin da zai sa gwamnati ta kashe kuɗin jama'a a kan kiɗa ko gidan tarihi, da kuma wanda ke cin moriyar hakan. Yawancin kwasa-kwasan suna tura ɗalibi sanin makamar aiki na wasu watanni a wata cibiya.

Inda fannonin suka haɗu

Haƙƙin mallaka shi ne babbar mahaɗarsu. A kowace waƙa da aka ɗauka akwai haƙƙi iri biyu: na wanda ya tsara baitoci da karin, da na wanda ya mallaki sautin da aka ɗauka. Yarjejeniyar Berne ta 1886 ce tushen kare haƙƙi na farko a tsakanin ƙasashe. Da yake mawaƙi ba zai iya bin kowane gidan rediyo da otal yana karɓar kuɗinsa ba, sai aka kafa ƙungiyoyin da ke karɓa a madadinsa, irin su SACEM ta Faransa a 1851, da ASCAP ta Amurka da PRS ta Birtaniya, duka a 1914.

Intanet ta ƙara ɗaure fannonin biyu. Bayyanar Napster a 1999 ta karya cinikin faifai, daga baya manhajojin sauraro irin su Spotify da Apple Music da Boomplay suka maye gurbinsa. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta duniya, IFPI, ta ce a 2023 cinikin waƙoƙin da aka ɗauka ya kai dala biliyan 28.6, kuma kusan kashi biyu cikin uku daga sauraro ta intanet ya fito. Yawancin waɗannan kamfanoni suna tara kuɗin wata a wuri ɗaya, su cire nasu kason, su raba sauran gwargwadon yawan sauraron da kowace waƙa ta samu. Kuɗin yana isa ga mai shi ne kawai idan an shigar da bayanan waƙar daidai, da lambar shaidarta da ake kira ISRC da sunayen masu haƙƙi. Kuskure a nan yana iya sa ladan mawaƙi ya maƙale ko ya faɗa aljihun wani. Don haka mai gudanarwa yana buƙatar sanin yadda na'urar ke aiki, injiniyan ma yana buƙatar sanin doka. Wasu makarantu, kamar reshen Kwalejin Berklee da ke Valencia a Sifaniya da Jami'ar New York, suna koyar da fannonin biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Tsarin karatu da sharuɗɗan shiga

Digiri na biyu yakan ɗauki shekara ɗaya a Birtaniya, shekara ɗaya zuwa biyu a sauran ƙasashen Turai, da kimanin shekara biyu a Amurka da Kanada. Wasu kwasa-kwasan darussa ne da aikin ƙarshe, wasu kuma bincike ne zalla da ke ƙarewa da kundi. Digiri na uku yakan ɗauki shekara uku zuwa huɗu a Birtaniya, biyar ko fiye a Amurka. A fasahar kiɗa, aikin ƙarshe yana iya zama manhaja, ko sabon kayan kiɗa, ko jerin waƙoƙin da aka ɗauka tare da rubutaccen bayani.

Mai neman shiga fasahar kiɗa yakan zo da digiri a kiɗa, ko injiniyancin lantarki, ko kimiyyar kwamfuta, ko kimiyyar lissafi. Akan nemi samfurin ayyukansa, wasu makarantun kuma suna gwada kunnensa ko iliminsa na lissafi. Gudanar da harkokin al'adu yana karɓar masu digiri daga kusan kowane fanni, amma ana ba da muhimmanci ga wanda ya taɓa shirya wasa ko aiki a wata cibiya, ko da na sa-kai ne. Duka biyun suna neman takardar bayanin manufa, da wasiƙun shaida daga malamai, da sakamakon jarrabawar harshe kamar IELTS ko TOEFL ga baƙi.

Kuɗin makaranta ya bambanta ƙwarai. Jami'o'in Amurka masu zaman kansu suna da tsada, yayin da yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin koyarwa, sai dai sau da yawa ana buƙatar Jamusanci. Daga cikin tallafin karatun da ɗaliban Afirka ke nema akwai Chevening da Commonwealth na Birtaniya, da Fulbright na Amurka, da DAAD na Jamus, da Erasmus Mundus na Tarayyar Turai.

Wasu sanannun cibiyoyi

A fasahar kiɗa, ban da CCRMA da IRCAM da McGill, akwai Cibiyar Kiɗan Dijital ta Jami'ar Queen Mary a Landan, da rukunin binciken da Xavier Serra ya kafa a Jami'ar Pompeu Fabra ta Barcelona a 1994, da ɗakin binciken Media Lab na MIT, da Cibiyar Fasaha ta Georgia. A gudanar da harkokin al'adu akwai jami'o'in Carnegie Mellon da Columbia da Indiana a Amurka, da HEC Montréal a Kanada, da Warwick da Goldsmiths a Ingila, da Bocconi a Italiya.

A Afirka

Afirka ta Kudu ce ta fi nisa a wannan karatu. Jami'o'in Cape Town da Stellenbosch suna koyar da fasahar kiɗa, Jami'ar Witwatersrand kuma tana da digiri na biyu a manufofin al'adu da gudanarwa. A Jami'ar Rhodes akwai taskar kiɗan Afirka da Hugh Tracey ya kafa a 1954. Jami'ar Senghor da ke Iskandariya a Masar, wadda ke koyarwa da Faransanci, tana horar da ma'aikatan al'adu daga ƙasashe irin su Nijar da Chadi da Kamaru.

A Najeriya, Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen kiɗa a 1961, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ibadan kuma tana da sashen fasahar kiɗa a matakin difloma. Darussan gudanarwa an fi samun su a sassan wasan kwaikwayo. Mafi yawan masu haɗa sauti a Legas da Kano ta hanyar zama yaron situdiyo suka koyi aikin. Duk da haka sakamakon binciken da aka yi a waje yana cikin aikinsu na kullum. Fiyanon Yamaha shi ne ƙashin bayan kiɗan finafinan Hausa tun shekarun 1990, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna a rubuce-rubucensa. Manhajar Auto-Tune mai daidaita murya, wadda ake ji a waƙoƙin nanaye, Andy Hildebrand ne ya fito da ita a 1997, bayan ya yi shekaru yana amfani da irin wannan lissafi wajen neman man fetur a ƙarƙashin ƙasa.

Ayyukan yi

Masu digiri a fasahar kiɗa suna aiki a situdiyo, da gidajen rediyo da talabijin, da kamfanonin fim da na wasannin kwamfuta, da masu ƙera waya da lasifika da na'urar taimaka wa ji, da wuraren adana tsofaffin faifai da kaset. Wasu kamfanoni daga binciken ɗalibai suka tsiro. Avery Wang, wanda ya ƙirƙiro dabarar da manhajar Shazam ke gane waƙa da ita, a CCRMA ya yi binciken digirinsa na uku. Tristan Jehan da Brian Whitman sun kafa kamfanin The Echo Nest a 2005 bayan karatunsu a MIT, kuma Spotify ya saye shi a 2014.

Masu digiri a gudanarwa suna zama manajojin gidajen wasa da ƙungiyoyin makaɗa, da masu shirya bukukuwa, da jami'an neman tallafi, da ma'aikatan ma'aikatun al'adu da hukumomin haƙƙin mallaka da ƙungiyoyi irin su UNESCO.

Suka da muhawara

Tambayar da aka fi yi ita ce ko digirin ya cancanci kuɗinsa. A aikin situdiyo da shirya wasa, abin da mutum ya taɓa yi ake dubawa kafin takardarsa, kuma albashin cibiyoyin al'adu bai kai na kamfanoni ba. Masu kare karatun suna amsawa da cewa bincike, da ƙera manhaja, da koyarwa a jami'a, da shugabancin manyan cibiyoyi suna buƙatar ilimin da ba a samun sa ta kallon maigida kaɗai.

Suka ta biyu ita ce an gina fannonin a kan kiɗa da tsarin rayuwar Turai. Kayan aiki da yawa sun ɗauka cewa kowane kiɗa yana bin matakan murya 12 na fiyano, alhali goge da kalangu, alal misali, suna zamewa a tsakanin waɗannan matakai, kalangu ma karin sautin magana yake bi. Domin rage wannan giɓi Xavier Serra ya jagoranci aikin CompMusic daga 2011, wanda ya nazarci kiɗan Indiya da Turkiyya da Sin da na Larabawan Magrib. Haka nan darussan gudanarwa na Amurka sun dogara da masu ba da gudummawa da ake rage wa haraji, na Turai kuma da kasafin gwamnati. A wuraren da makaɗi ke rayuwa da liƙin biki da kyautar ubangida da tallan kamfanoni, ba kowane darasi ne ke aiki yadda aka rubuta shi ba.

Akwai kuma batun ƙarancin mata a ɓangaren na'ura. Binciken da cibiyar Annenberg ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya ke yi a kan waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka tun daga 2012 ya nuna cewa, idan aka haɗa shekarun, mata ba su kai kashi 5 cikin 100 na furodusoshin waƙoƙin ba, ko da yake a kwasa-kwasan gudanarwa mata ne suka fi yawa.

Sabuwar muhawara ta shafi ƙirƙirarriyar basira. A watan Yunin 2024 manyan kamfanonin faifai uku, Universal da Sony da Warner, sun kai ƙarar kamfanonin Suno da Udio a Amurka, bisa zargin horar da manhajojinsu masu ƙirƙirar waƙa da waƙoƙin mutane ba tare da izini ba. Ɗaliban fasahar kiɗa na cikin masu ƙera irin waɗannan manhajoji, ɗaliban gudanarwa kuma na cikin waɗanda za su tsara yarjejeniyoyin biyan masu haƙƙi, saboda haka batun ya shiga darussan fannonin biyu.

Duba kuma

Kiɗa
Haƙƙin mallaka
Kannywood
Kimiyyar sauti
Ilimin gaba da digiri